Kafin ka sayi tsohon kwabon jan ƙarfe a haraj, wato kasuwar gwanjo, ga yadda zaka duba jikinsa

Yawancin 'yan'uwanmu da suka fara sha'awar tara tsoffin kuɗi a nan Jidda da Makka, abu ɗaya suke nema idan sun ɗauki kwabo a hannu, wato shekara. Da sun ga 1255 ko 1334 ta Hijira a jiki shikenan, hannu ya tafi aljihu. Toh shekara tana da muhimmanci, ban ce a'a ba, amma a harkar jan ƙarfe da tagulla ba ita kaɗai ke yanke farashi ba. Zaka ga kwabo biyu shekara ɗaya, gidan bugu ɗaya, sarki ɗaya, amma ɗaya riyal goma ma kana ƙyashin bayarwa, ɗayan kuwa ka biya ninkin-ba-ninki kana godiya. Bambancin gaba ɗaya yana jikin ƙarfen ne.

Dalili kuwa shine jan ƙarfe baya da haƙuri. Zinariya zata shekara dubu a ƙasa ta fito kamar jiya aka binne ta, azurfa galibi baƙi kawai take yi, amma jan ƙarfe komai taɓa shi yake, gumi, gishiri, danshi, hayaƙi, har takardar da aka naɗe shi. Ga shi kuma kuɗin talaka ne, shi ake ba mai ruwa da mai burodi da ɗan dako, ba wanda ke ƙulle shi a akwati don jikoki. Shi yasa samun tsohon jan ƙarfe mai lafiyar jiki yafi wuya akan yadda mutane suke zato, kuma shi yasa masana suke biyan kuɗi akan lafiyar.

Abu na farko, haske. Kar ka yarda ka yanke hukunci a ƙarƙashin farin fitilar shago ko fitilar jawwal, wato wayar hannu, da aka haska kai tsaye, duk suna ɓoye ƙarce. Ka ce wa mai kaya, Baba dan Allah bari in ɗan matsa bakin ƙofa in gani, ba wanda zai hana ka idan kayansa na gaskiya ne. Ka riƙe kwabon ta gefe-gefe da yatsa biyu, kar ka ɗora babban yatsa a fuskarsa, sai ka rinƙa karkata shi a hankali hasken yana shafar sa ta gefe. A wannan karkatawar ne ƙananan ramuka da layin goga suke fitowa. Ka riƙa yawo da ƙaramin madubin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, wanda masu zinare ke amfani da shi, ya isa. Amma ka fara kallo da ido zalla tukunna, daga nesa kamar tsawon hannu, domin abinda idonka ya fara ji a wannan kallon na farko shine abinda mai saye na gaba zai ji ranar da zaka sayar.

Ni a wurina fatar kwabo ce gaba da komai, tun kafin a zo maganar ko rubutu ya goge ko bai goge ba. Jan ƙarfe idan ya fito daga gidan bugu ja ne mai sheƙi, da shekaru suka tafi sai ya rinƙa duhu har ya koma ruwan ƙasa, wani kalar gahawa, wani kalar dabino, wani har ya kusa baƙi. Wannan rufin da ya yi wa kansa ba datti bane, kariya ce, kuma shine rabin darajarsa. Abinda kake so shine fata mai santsi, mai tauri, kala ɗaya ko kusan ɗaya daga gefe zuwa gefe, da ɗan sheƙi mai laushi irin na abinda ya sha hannu. Abinda baka so shine fata mai kaushi, wadda a madubi zaka ga ƙananan ramuka birjik kamar an yayyafa yashi. Wannan alamar ya kwana a ƙasa ne ko a wuri mai gishiri har ƙarfen ya ciwu, kuma abinda ya ciwu baya dawowa, ko waye zai gyara. Kwabon da rubutunsa ya fito tas amma fatarsa ta ci ramuka, da wanda rubutunsa ya ɗan lafa amma fatarsa sumul, wallahi na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, kuma duk wanda ya daɗe a harkar haka zai gaya maka.

Sai maganar kore, a nan ne ake yawan ruɗewa. Kore iri biyu ne kuma tsakaninsu akwai nisa sosai. Akwai kore mai duhu, mai tauri, wanda ya manne da ƙarfen ya zama jiki ɗaya, zaka fi ganinsa a tsoffin fulus na zamanin Banu Umayya da Abbasiyawa da aka tono daga ƙasa. Wannan baya motsi, baya ƙaruwa, wasu ma saboda shi suke sayen kwabon, kar ka taɓa shi. Akwai kuma kore mai haske, fari-fari, mai gari, wanda ke tsirowa daga cikin rami, idan ka sa tsinken sakace sai ya ɓarɓashe. Wannan cuta ce. Gishiri ne ya shiga cikin ƙarfen, duk lokacin da ya samu danshi sai ya cigaba da cin sa daga ciki, ka share yau bayan 'yan makonni ka ga ya sake fitowa, kamar ƙwaro a buhun wake, daga waje buhu na nan cike amma ciki ya zama gari. Mu da muke Jidda wannan ya fi shafa, saboda iskar bahar ga danshi ga gishiri, kwabon da ya zauna lafiya shekara da shekaru a bushewar Riyad zai iya tashi da cutar nan cikin bazara ɗaya a unguwar Balad ko Karantina. Idan ka ga irin wannan koren a haraj, shawarata ka ajiye kawai, sai dai in abu ne da ba'a samu kuma farashin ya faɗi ƙasa warwas. In ma ka saya kar ka haɗa shi da sauran, ka ware masa wurinsa, ka cire garin a hankali da tsinken itace, ka jiƙa shi a tataccen ruwa na saidaliyya, wato kantin magani, kana canzawa, ka busar da shi sosai, sannan ka cigaba da leƙa shi. Idan mai tsada ne ka nemi wanda ya san aikin adana kayan tarihi, suna da magungunansu.

Akwai kore na uku ma wanda ba na ƙasa bane, na leda ne. Waɗannan albom masu laushi masu warin roba da ake sayarwa da arha, idan kwabo ya daɗe a ciki ga zafin ƙasar nan, sai ka ga wani kore mai danƙo ya lulluɓe shi. In an kama da wuri asiton zalla yana cire shi, amma zalla nake nufi, ba na goge farce mai turare da mai ba, kuma nesa da wuta.

Yanzu wanki, wanda shine ya fi ɓata min rai a duk harkar nan. Mutum zai samu kwabban kakansa a tsohuwar adaka, sun yi ruwan ƙasa mai kyau, sai ya ce bari in gyara su kafin in kai kasuwa, ya sa lemun tsami da gishiri, ko tsamiya, ko toka, ko Brasso, ko ya jiƙa a kwalbar lemo. Su fito jajir suna walƙiya, shi a ganinsa ya ƙara musu daraja, alhali ya kankare shekara ɗari a minti biyar. Yadda zaka gane wankakke ba wuya. Kalarsa ja ce mai ɗaukar ido ko ruwan hoda-hoda, irin wadda ba ta dace da tsufansa ba, rubutu ya goge amma jiki na sheƙi, wannan ai ba zai yiwu ba, domin hannun da ya goge rubutun shi zai fara kashe sheƙin. Sannan a madubi zaka ga siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya, kuma a lungun haruffa zaka ga baƙin da goga bata kai ba ya maƙale. Wasu masu wayo bayan sun wanke sai su sake baƙanta shi da hayaƙi ko man takalmi ko wani magani. Irin wannan kalarsa bata da rai, dusu-dusu take, wani lokaci da shuɗi-shuɗi ko shunayya a wasu wurare, kuma in ka shinshina wani zubin har wari zaka ji. In ka shafa farin tishu ya ɗauko kala, magana ta ƙare.

Sai tabon da hannun mutum ya yi. Huji shine na farko, kuma a ƙasar nan yana da yawa domin mata sun daɗe suna huda kuɗi suna jerawa a kayan ado da na rufe fuska. Amma a lura, ba kowane huji ne aibi ba. Kwabon Afirka ta Yamma na zamanin Turawa da anini, waɗanda iyayenmu alhazan ƙafa suka san su sarai, da hujinsu a tsakiya aka buga su, haka ma kwabon Najeriya na 1959. Irin waɗancan na farko farin ƙarfe ne, daga 1952 aka koma tagulla. Wannan hujin na gidan bugu ne, a tsakiya yake, da'irarsa daidai. Hujin da ke kashe daraja shine na kusa da baki, wanda aka yi da ƙusa. Wanda ya fi shi haɗari kuma shine hujin da aka toshe, domin shi ɓoye maka aka yi. Ka duba saman kwabon wajen baki, gaba da baya a daidai wuri ɗaya, in ka ga wani ɗan zagaye da kalarsa ta bambanta ko haruffan wurin sun yi kamar an zana su da hannu, toh an cike ne. Haka ma alamar dalma a baya ko a gefe, wurin da aka taɓa liƙa masa marataya.

Ƙarce da dukan baki kuwa, wurin da suka faɗa shine abin dubawa. Ƙaramin ƙarce da ya tsufa ya yi kala ɗaya da jiki, yana can gefe cikin ganyen ado, wannan ana zama da shi. Amma ƙarce sabo mai ja da ya ratsa tsakiyar tugra, wato tambarin nan na sarkin Usmaniyya ta Turkawa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko ya bi ta kan shekara, kullum ka ɗauko kwabon shi zaka fara gani, kuma ba zaka taɓa daina ganinsa ba. Lanƙwasa ma a duba, ka ɗora shi akan gilashi ka ga ko yana rawa.

Bayan duk wannan ne nake zuwa kan gogewa, wato yawan abinda ya rage na rubutu da zane. Ka nemi wurin da ya fi tudu a jikin kwabon domin shi ke fara lafawa. A kuɗin Usmaniyya siraran layukan tugra ne, a rubu'in ana, wato wani kwabon Indiya da ya yi yawo a gabashin ƙasar nan da ƙasashen Khalij (Gulf), gashin kan sarki ko sarauniya da kambun ne, a halalar 1383, wato ƙaramin kwabon tagulla na Saudiyya, ganyen dabinon da takubban ne. A kuɗin Usmaniyya da na Masar na lokacin akwai wani abu da ya kamata sabon shiga ya sani, babbar shekarar da kake gani ta hawan sarki ce ba ta bugu ba. 1255 hawan Abdulmajid ne, 1277 na Abdul'aziz, sai wata 'yar ƙaramar lamba daban da ke nuna shekara ta nawa a mulkinsa aka buga. Kenan 1277 da lamba 4 bugun 1280 ne, domin 1277 ɗin ita ce shekara ta ɗaya. Toh idan wannan 'yar lambar ta goge ko tsatsa ta cinye ta, ka rasa sanin ainihin abinda ke hannunka, don haka kwabon da ko'ina ya lafa amma lambar nan na karantuwa ya fi wanda ko'ina ya fito amma ita ta tafi.

A nan dole in tsaya akan kuɗin Hijaz domin su ake fi zalunta. Tagullar Sharif Husaini ɗan Ali da aka buga a Makka, masu ɗauke da 1334, shekarar da ya yi wa Turkawa tawaye wato 1916, da rubu'in girshi da rabin girshi na jan ƙarfe da Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud ya buga a 1343 bayan ya shiga Makka, duk ba bugun manyan injinan Turai bane. Da yawansu tun ranar da aka buga su wani gefen bai fito ba, ko bugun ya karkace, ko faifan ƙarfen kansa yana da tsaga. Wasu na 1343 ɗin ma akan na Sharifin aka sake buga su, zaka ga burbushin tsohon rubutu yana leƙowa ta ƙarƙashin sabo. Wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace, alhali wannan burbushin tarihi ne kake riƙe da shi, mulki ya sauka akan mulki a ƙarfe ɗaya, ni kam ina ƙara kuɗi akan irinsa in duka rubutun biyu suna karantuwa. Yadda zaka bambance raunin bugu da gogewa shine, gogewa tana bin duk wuraren tudu daidai wa daida a fuska biyun, raunin bugu kuwa yanki ɗaya yake kamawa, kaga rabin kwabon ya fito kamar yanka wuƙa rabin kuma shafe, kuma galibi bayan wurin ma a shafe yake. Aibin da aka haife shi da shi a gidan bugu baya rage daraja kamar wanda aka yi masa daga baya. Amma kar ka ɗauki wannan sassaucin ka kai kan halalar 1383, ita bugun inji ce mai tsabta kuma tana da yawa, ba dalilin da zai sa ka karɓi mai tabo, ka jira mai kyau zata zo. Ita ce ma nake ba sabon shiga shawarar ya fara koyon ido da ita, ka sayi guda uku ko huɗu masu hali daban-daban da kuɗi kaɗan ka jera su kana kwatantawa.

Toh yaya ake haɗa duk wannan ya zama farashi? Masu tara tsoffin santi na jan ƙarfe, wato kwabon Amurka, suna da wata hanya da nake ganin ta dace da mu. Da farko sai su auna kwabon akan rubutu da zanen da ya rage kawai, kamar ba shi da wani aibi, sannan su rinƙa sauko da shi mataki-mataki gwargwadon ramuka, wanki, ƙarce da munin kala, inda ya tsaya nan ne matsayinsa na gaskiya. Ma'aunin 1 zuwa 70 da duniya ke amfani da shi yanzu ma daga wajensu ya fito, William Sheldon ne ya tsara shi a 1949 saboda waɗannan santin. Kai ba sai ka haddace lambobi ba, ka tambayi kanka kawai, da wannan kwabon lafiyayye ne nawa zan biya, sannan ka fara ragewa. Ni ƙa'idata, ƙaramin tabo a gefe ragi kaɗan ne, tsohon wanki da ya fara komawa kalarsa ragi ne mai ɗan yawa, sabon wanki ko kaushin fata baya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin lafiyayye a wurina, huji da toshi ƙasa da haka, cuta mai gari kuwa sau da yawa ko kyauta bana so ta shigo min gida. Sai dai ƙarancin abu yana canza lissafi, abinda zaka iya shekaru baka sake gani ba ana karɓarsa da tabonsa, abinda ke kowane tire a Suƙ Zal na Riyad ko harajin Sawarikh na Jidda ba'a yi masa uzuri.

Bayan lissafi kuma akwai abinda lissafi baya kamawa, wato kyan gani. Kwabo biyu zasu zo matsayi ɗaya a komai amma ɗaya yana kiran ido, kalarsa ta zauna, bugun ya hau tsakiya, haruffa sun ɗan fi fili haske sai rubutun ya taso, ɗayan kuwa dabbare-dabbare, nan ja nan baƙi, ga ɗigon baƙi a tsakiyar fili. Ka biya ƙari akan na farkon, kar ka ji komai. Kuma in zuciyarka tana ta kawo maka uzuri akan wani kwabo, ai tabon ƙarami ne, ai ba'a gani sosai, toh ka ajiye shi, domin tabon da kake lallashin kanka akansa tun a kasuwa a gida girma zai ƙara yi.

Wasu zasu ce ai sai in sayi wanda kamfani ya tantance ya rufe a roba, irin na NGC ko PCGS. Yana taimakawa wajen sanin na gaske ne, kuma suna rubuta kala, RD ja, RB tsaka-tsaki, BN ruwan ƙasa, in kuma an wanke ko ya ci tsatsa ko an huda basa ba shi lamba sai su rubuta aibin. Amma robar bata hana ja ya dushe ko ɗigo ya fito daga baya, don haka ka kalli kwabon da ke ciki ba takardar kaɗai ba. Tsohon kwabo mai jan asali yana da tsada kuma riƙonsa a iskar Jidda aiki ne, mai ruwan ƙasa ya riga ya zauna, ya fi kwanciyar hankali.

Jabu ma akwai, musamman a wuraren da alhazai da masu ziyara ke sayen tsaraba. Na zubi zaka ga layi a kewayen bakinsa inda mazubi biyu suka haɗu, da ƙananan ƙuraje a fili, haruffa kuma sun yi laushi kamar sun narke. Ka gwada maganaɗisu, tagulla da jan ƙarfe basa kamawa. In kana da ƙaramin sikeli na masu zinare ka auna ka kwatanta da wani da ka tabbatar.

In ta WhatsApp ko Instagram zaka saya, kar ka yarda da hoto ɗaya. Ka ce a turo gaba da baya da gefe, a hasken rana ba filashi, sannan ɗan bidiyo ana juya shi. Kwabon da aka shafa wa mai ko aka jiƙa kafin hoto yana ɓoye kaushi, in ka ga yana ƙyalli kamar jiƙaƙƙe ka ce a goge a sake ɗauka. Ku yi magana tun farko cewa in ya zo ba haka ba zaka mayar.

Idan ya shigo hannunka, kar ka wanke, ko da sabulu. Kowane ɗaya da gidansa, ko ƙwanƙon roba mai tauri ko kwalin nan mai tagar leda marar wari, kar su rinƙa gogar juna a gwangwani. Ka sa su a akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi, kana canza su in sun sha danshi, a ɗakin da mukayyif, wato AC, ke aiki, nesa da kicin da banɗaki da hayaƙin turaren wuta, kuma kar ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi. Duk bayan wata biyu ko uku ka buɗe ka duba ko wani ya fara fitar da kore. Sannan masu niyyar tafiya da su gida Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ku sani Saudiyya tana da dokar kayan tarihi, tsofaffin gaske irin fulus ɗin da aka tono ba'a fita da su haka kawai ba izini, ku tambayi Hukumar Turas, mai kula da kayan tarihi, kafin ku sa su a jaka.